Sauti na tsinkewa a sifikar Bluetooth da aka haɗa da Raspberry Pi: ta ina za a fara?

Tambayar ita ce: mutum yana da Raspberry Pi 4, wata ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya, da tsarin Raspberry Pi OS Bookworm a kanta, ya ajiye ta a shago tana kunna rediyon intanet da karatuttuka zuwa sifikar Bluetooth da ke nesa da ita kamar mita uku. Intanet daga MiFi take samu ta Wi-Fi, wuta kuma daga cajar waya. Sautin yana tsinkewa yana dawowa, abin ya fi muni idan ana sauke wani abu, amma idan ya haɗa sifikar da wayarsa ba ta ko tari. Ya gyara `/etc/pulse/daemon.conf` kamar yadda aka ba shi shawara, bai ga canji ba.

Malam, abu biyu a bayaninka sun rage mana aiki: matsalar tana ƙaruwa lokacin da ake sauke abu, sifikar kuma ba ta yi wa wayarka haka. Ke nan sifikar lafiyarta ƙalau. Babban abin zargi shi ne Wi-Fi ɗin Pi ɗin kanta, sai caja ta biyo baya. Fayil ɗin da ka gyara kuwa, mayar da shi yadda yake. Tun da Bookworm ya fito a Oktoba 2023, PipeWire ne ke riƙe da sauti a nau'in Desktop, shi kuma ba ya karanta wancan fayil na PulseAudio, tsohuwar manhajar sautin da ya maye gurbinta. Shi ya sa ba ka ga komai ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin allon. A Pi 4, IC ɗaya ne, wato ɗan guntun lantarki mai suna CYW43455, ke yin Wi-Fi da Bluetooth, eriyar ma guda ɗaya ce da aka zana a jikin allon. Bluetooth yana aiki a zangon 2.4 GHz, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 masu faɗin 1 MHz kowacce, daga 2402 zuwa 2480 MHz, har sau 1600 a daƙiƙa. Wi-Fi ɗin yawancin MiFi ma a wannan zangon yake zaune, ya mamaye 20 MHz, wani lokaci 40. Da a ce Wi-Fi ɗin maƙwabci ne, da sauƙi, domin Bluetooth yana gane tashoshin da ke da hayaniya ya kauce musu. Amma na cikin gida ba a kauce masa, sai dai a yi karɓa-karɓa da eriya, kamar mutum biyu a bakin rijiya da guga ɗaya. Wi-Fi yana iya jira, ba wanda zai lura idan shafi ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sauti ba ya jira. Tsarin matse sauti na SBC, wanda kowace sifikar Bluetooth take ji, yana tura kusan 328 kbps ba ƙaƙƙautawa, abin da sifika take tarawa a ma'ajiyarta kafin ta fitar kuma bai kai rabin daƙiƙa ba a yawancinsu. Idan Wi-Fi ya riƙe eriya har ma'ajiyar ta ƙare, sai shiru. Wannan shirun ne kake ji. Wayarka ma IC ɗinta haɗe yake, amma masu ƙera waya sun ɓata lokaci sosai wajen daidaita rabon, kuma sau da yawa ita datar layinta take amfani da ita, Wi-Fi ɗinta yana hutawa.

Kada ka yarda da zargina sai ka gwada. Gwaji biyu ne, minti goma sun isa.

Na farko, sauke fayil ɗin sauti guda ka ajiye a katin Pi ɗin, ka kunna shi da VLC zuwa sifikar. Idan fayil na gida yana tafiya sumul, rediyon intanet kaɗai ke tsayawa, kuma tsayawar tana kai daƙiƙa biyu ko biyar, to ba Bluetooth ba ne, netwok ɗin MiFi ne ke ja da baya. Tsinkewar Bluetooth gajera ce, kamar an ɗauke kalma ɗaya ko rabinta.

Na biyu, fayil ɗin yana cikin tafiya ka kashe Wi-Fi da wannan umarni a Terminal:

`sudo rfkill block wifi`

Ka saurara minti biyar, sannan ka dawo da shi da `sudo rfkill unblock wifi`. A kula: idan ta SSH, wato daga wata kwamfuta, kake shiga Pi ɗin a kan Wi-Fi, wannan umarni zai rufe ka a waje, kashewa da kunnawa ma ba zai buɗe ba, domin tsarin yana tuna halin da aka bar rfkill. A wannan yanayi rubuta shi haka, ya dawo da kansa bayan minti biyar:

`sudo nohup sh -c "rfkill block wifi; sleep 300; rfkill unblock wifi" &`

Idan sautin ya gyaru a cikin waɗannan mintuna, an kama mai laifi. Maganinsa shi ne a fitar da Wi-Fi daga zangon 2.4 GHz, ko a fitar da shi gaba ɗaya. Kebul ɗin Ethernet ya fi komai, idan akwai rauta mai kafar LAN. Ka jona, ka buɗe `/boot/firmware/config.txt`, ka ƙara layin `dtoverlay=disable-wifi` a ƙasa, ka sake kunnawa. A tsofaffin nau'o'i irin Bullseye fayil ɗin yana `/boot/config.txt`.

Idan ba kebul, sai 5 GHz. Pi 3B+, Pi 4 da Pi 5 duk suna da shi. Pi 3B, Zero W da Zero 2 W ba su da shi ko kaɗan. Duba inda kake yanzu da `iw dev wlan0 link`. Lambar `freq` idan tsakanin 2412 da 2472 take, kana kan 2.4, idan 5180 ce ko sama, kana kan 5. Don tilasta mata hawa 5 GHz:

`sudo nmcli connection modify "SunanWiFi" 802-11-wireless.band a`

Sai an saita ƙasa a `raspi-config`, ƙarƙashin Localisation Options, kafin tashoshin su bayyana yadda ya kamata: NG ga Nijeriya, NE ga Nijar. Matsalar a nan ita ce ƙananan MiFi da yawa ba su da 5 GHz. Shiga shafin saitin naka ka duba. Idan babu, akwai dabara ɗaya: MiFi da yawa idan aka jona su da kebul ɗin USB sukan bayyana a Linux a matsayin katin netwok, intanet ya bi ta kebul, ka kashe Wi-Fi ɗin Pi. Sai dai MiFi ɗin zai fara cajin batirinsa daga jikin Pi, kafofin USB na Pi 4 gaba ɗayansu kuma 1.2 A suke bayarwa. Da cajar waya wannan zai jefa ka cikin matsala ta biyu da za mu zo kanta. Kuma MiFi ɗin yana ci gaba da watsa nasa Wi-Fi ga wayoyin shago, don haka kada ka ɗora shi a kan Pi, ba shi tazarar mita ɗaya aƙalla.

Idan dole ka zauna a 2.4 GHz, ana iya rage ciwon, ba a warkar da shi. A shafin MiFi mayar da faɗin tasha 20 MHz maimakon 40 ko Auto, ka kafe shi a tasha 1 ko 11, gefen zangon, domin Bluetooth ya samu fili a ɗaya ɓangaren. Gwada kashe tanadin wuta na Wi-Fi da `sudo iw dev wlan0 set power_save off`. A wasu wuraren yana taimakawa, a wasu ba ya yin komai, kuma yana komawa idan an sake kunnawa sai ka kafe shi da `nmcli` ta `802-11-wireless.powersave 2`. Idan tsinkewar tana zuwa a kan lokaci, misali kowane minti biyu ko biyar ba fashi, Pi ɗin ce ke leƙa tashoshi tana neman wasu rautoci. Kafe ta a kan MiFi ɗinka da `802-11-wireless.bssid` da adireshin da `iw dev wlan0 link` ya nuna, leƙen zai ragu.

Yanzu caja. Ko da gwajin Wi-Fi ya yi nasara, duba wannan, domin sau da yawa matsalolin biyu tare suke tafiya:

`vcgencmd get_throttled`

Amsar `0x0` tana nufin wuta lafiya tun da aka kunna. `0x50000` tana nufin wuta ta taɓa yin ƙasa, an kuma rage gudun CPU. `0x50005` tana nufin a yanzu haka ma abin na faruwa. Pi tana ƙorafi da zarar wuta ta sauka ƙasa da kusan 4.63 V, sai ta mayar da CPU 600 MHz. Pi 4 tana son 5.1 V, 3 A. Pi 3 tana son 2.5 A, Pi 5 kuma 5 A idan ana son cikakken ƙarfinta. Rubutun 33W ko 65W a jikin cajar waya kada ya ruɗe ka, wannan ƙarfin a 9 V ko 11 V ko sama ake samunsa, bayan waya da caja sun yi yarjejeniya. Pi 4 ba ta shiga wannan yarjejeniya, 5 V take karɓa, kuma a 5 V cajoji da yawa 2 A kawai suke bayarwa.

Kebul ma yana cin wuta fiye da yadda ake zato. Siririn kebul mai zaren 28 AWG yana da kusan 0.21 ohm a kowace mita, zuwa da dawowa 0.42 ke nan. Idan Pi ta ja 1 A, an yi asarar kusan 0.4 V a hanya: caja ta fitar da 5.0, abin da ya iso 4.6, ƙasa da iyaka. Shi ya sa cajar da kamfanin ke sayarwa take ba da 5.1 V da kebul mai kauri a manne. Idan ba ka same ta ba, nemi gajeren kebul mai kauri, wanda bai wuce rabin mita ba. Fawa banki yana da kyau ga masu fama da ɗaukewar wuta, amma da yawa sukan yanke fitarwa na ɗan lokaci idan an kawo wuta ko an ɗauke, sai Pi ta sake tashi daga farko.

Gaskiya 600 MHz ta ishi Pi 4 ta matse sautin SBC idan shi kaɗai take yi. Inda abin ke ɓaci shi ne idan rediyon a Chromium kake kunna shi, da shafuka a buɗe. Saka adireshin tashar a VLC ko `mpv`, nauyin zai ragu ƙwarai.

Zafi ma yana rage gudun CPU: daga 80°C take farawa, a 85°C ta ƙara matsewa. `vcgencmd measure_temp` zai nuna maka. Alamarsa ita ce sauti ya yi kyau da safe, ya fara tsinkewa bayan azahar. A shago mai rufin kwano, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, Pi 4 a rufaffen gidan roba ba fanka tana kaiwa can cikin sauƙi. Ƙaramar fanka mai 5 V ta wadatar. Amma a yi hattara da gidan alminiyam da ake saya don sanyaya ta: yana shan zafi da kyau, yana kuma toshe eriya. Eriyar tana bakin allon, kusa da ɗan murfin ƙarfe mai tambarin Raspberry, wajen da layin GPIO, wato jerin ƙananan alluran da ke tsaye a gefen allon, ya fara. Wannan kusurwa ita ya kamata ta kalli sifika, ba bango ko bayan talabijin ba. Cire Pi ɗin daga gidanta ka gwada tsirara. Idan ta gyaru, gidan ne.

Ba ka ce ko akwai wani abu a kafofin USB masu shuɗi ba. Idan akwai filas ko SSD a can, cire shi ka saurara. USB 3.0 yana fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗowa daidai kan 2.4 GHz, Intel ta yi bayanin wannan tun 2012, kuma ya fi muni da kebul maras kariya mai kyau. Mayar da abin baƙar kafa ta USB 2.0 yana kashe hayaniyar, a kan asarar gudu.

Bayan waɗannan sai abubuwan da ke cikin manhaja, kuma mafi yawan wanda ake mantawa shi ne neman na'urori. Idan Bluetooth yana cikin neman sababbin na'urori, yana barin sifika ya tafi sauraro. Rubuta `bluetoothctl show` ka duba layin `Discovering`. Idan `yes` ne, wani abu yana nema: tagar haɗa na'ura da aka bari a buɗe, ko `bluetoothctl` da aka yi wa `scan on` a wata taga, ko manhaja irin Home Assistant da ke sauraron na'urorin BLE, wato Bluetooth mai ƙarancin shan wuta, dare da rana. Rufe shi. Haka kibod ko linzamin Bluetooth, su ma suna karɓar rabonsu na lokaci, sai a gwada ba tare da su ba.

Sai yanayin haɗin. Rubuta `pactl list cards`, idan babu umarnin saka `pulseaudio-utils`, ka nemi katin da sunansa ya fara da `bluez_card`, ka duba `Active Profile`. Ya kamata ya fara da `a2dp-sink`. Idan `headset-head-unit` ka gani, an sauya sifikar zuwa yanayin kiran waya, mai bakin sauti ɗaya a 8 ko 16 kHz. Wannan ba tsinkewa kaɗai yake kawowa ba, muryar ma takan dushe kamar daga cikin tulu. Yakan faru idan sifikar tana da makirfo kuma wata manhaja ta buɗe shi. A wannan jerin za ka ga tsarin matse sautin da sifikar ta yarda da su. LDAC yana kai 990 kbps, aptX HD 576, SBC-XQ sama da 450. Duk ƙarin nan lokacin eriya ne, abin da ba ka da shi. Koma SBC na asali:

`pactl set-card-profile bluez_card.XX_XX_XX_XX_XX_XX a2dp-sink-sbc`

Kwafi sunan katin da na yanayin daidai yadda suka fito a jerinka. Ga karatu da rediyo a sifikar shago, ba kunnen da zai ji bambanci.

Girman ma'ajiyar sauti, wanda mutane ke fara taɓawa, shi ne na ƙarshe a wurina, kuma akwai hanyar sanin ko yana da hannu. Buɗe `pw-top` sauti yana tafiya, ka kalli ginshiƙin `ERR`. Idan lambar tana hawa daidai lokacin da kake jin tsinkewa, Pi ɗin ce ba ta shirya sautin a kan kari. Nan ƙara ma'ajiya zai yi amfani:

`pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 2048`

Na asali 1024 ne a 48000 Hz, wato kusan milidaƙiƙa 21. 2048 ya ba da kusan 43. Idan ya yi, kafe shi a wani fayil cikin `~/.config/pipewire/pipewire.conf.d/` da `default.clock.quantum` da `default.clock.min-quantum`. Idan bai yi ba, mayar da lambar 0. Idan kuwa `ERR` bai motsa ba alhali sauti yana tsinkewa, sautin ya bar PipeWire lafiya, a hanya ya lalace, ko ka ninka ma'ajiya sau goma ba abin da zai canza. Tsohuwar shawarar `tsched=0` ma ta katin sauti na ALSA ce a PulseAudio, ba ta shafi Bluetooth ba ko a wancan zamanin. Ka kuma tabbata ba ka saka `bluealsa` a kan PipeWire ba garin bin umarnin da aka rubuta don nau'in Lite maras Desktop. Su biyun za su yi ta jayayya a kan sifika ɗaya. `systemctl status bluealsa` zai gaya maka.

Akwai wata hanya da sauti ke lalacewa tun bai kai eriya ba. IC ɗin Bluetooth da CPU ta layin UART suke magana. Duba:

`dmesg | grep -i -E "hci0|bluetooth|voltage"`

Idan ka ga `Frame reassembly failed (-84)` yana maimaituwa, bayanai suna zubewa a wannan layi. An fi ganin haka a Pi 3B, domin a allonta ba a haɗa wayoyin da ke cewa "dakata, na cika" tsakanin ɓangarorin biyu ba. A Pi 4 yakan faru ne idan akwai `dtoverlay=miniuart-bt` a `config.txt`, layin da masu haɗa GPS ko modem ɗin GSM ke sakawa don su karɓe babban UART. Yana tura Bluetooth kan ƙaramin UART, mai ƙarancin gudu, wanda agogonsa ke bin gudun GPU. Kibod zai yi aiki a haka, sauti ba zai yi ba. Cire layin. Pi 4 tana da ƙarin UART, `dtoverlay=uart3` zai ba ka ɗaya a GPIO 4 da 5 don GPS ɗin.

Idan Wi-Fi na 2.4 GHz ya zama dole, ko allonka 3B ne ko Zero, kada ka ɓata kwanaki a saiti, sayi adaftar Bluetooth ta USB. Ita ma a 2.4 GHz take, amma rediyonta da eriyarta nata ne, ba karɓa-karɓa, ba kuma UART. Masu IC ɗin Realtek RTL8761B suna aiki a Bookworm idan akwai kunshin `firmware-realtek`. Masu CSR8510 na asali ma suna aiki, sai dai jabunsu sun cika kasuwa, sukan bayyana a `lsusb` da lambar `0a12:0001` kamar na gaske amma su ƙi tashi ko su riƙa yanke haɗi. Kada ka cusa adaftar kai tsaye a jikin Pi. Sa mata kebul ɗin ƙari na USB mai rabin mita zuwa mita ɗaya, a baƙar kafa, ka rataye ta inda take ganin sifika. Wannan tazarar ita ce rabin maganin, domin tana nisanta ta daga eriyar Wi-Fi da hayaniyar USB 3.0.

Sannan kashe na ciki don kada tsarin ya riƙa zaɓarsa: ƙara `dtoverlay=disable-bt` a `config.txt`, ka rubuta `sudo systemctl disable hciuart`, ka sake kunnawa. `bluetoothctl list` ya nuna na'ura ɗaya tak. Adireshin adaftar daban yake da na tsohon, don haka sifikar ba ta san ta ba. Sa sifikar a yanayin haɗi, ka kashe Bluetooth ɗin wayarka don kada ta riga ka kamawa, ka shiga `bluetoothctl` ka bi `scan on`, `pair`, `trust`, `connect` da adireshin sifikar, ka rufe da `scan off`. Idan daga baya ka lura farkon sauti yana ɓacewa ko haɗin yana faɗuwa bayan an yi shiru na ɗan lokaci, Linux ne ke sa adaftar barci. Ƙirƙiri `/etc/modprobe.d/btusb.conf` ka rubuta `options btusb enable_autosuspend=0` a ciki, ka sake kunnawa.

Tunda sifikar mita uku ce kuma a shago take ba ta motsi, duba bayanta ko tana da kafar AUX. Pi 4 tana da kafar 3.5 mm, Pi 5 da Zero ne ba su da ita, su sai da ƙaramin katin sauti na USB. Idan ka bi ta kebul ka ji ƙugi ko tsiwa a ƙarƙashin sautin, yawanci saboda Pi da sifika suna shan wuta daga caja ɗaya ne ko fawa banki ɗaya. Raba musu caja, ko ka bar sifikar a kan batirinta lokacin da take aiki.